Rikicin Tsarin Mulki a Cocin United Methodist: Daga Baltimore Zuwa Bambur

Cocin United Methodist, wanda aka fi sani da UMC, ɗariƙa ce ta Kirista da aka kafa ranar 23 ga Afrilu, 1968, a birnin Dallas na Amurka, lokacin da Cocin Methodist ya haɗe da Cocin Evangelical United Brethren. A lokacin haɗewar tana da mabiya kusan miliyan 11 a Amurka, daga baya kuma ta bunƙasa a Afirka da Filifin. Tsakanin 2019 da 2024 ɗariƙar ta dare. Majami'u fiye da 7,600 suka fice a Amurka, reshenta na Kwaddebuwa ya yanke shawarar ficewa baki ɗaya, reshenta na Nijeriya kuma ya rabu biyu, har aka zubar da jini a Jihar Taraba. Abin da ya kunna wutar shi ne saɓani kan auren jinsi da naɗa masu tarayya da jinsinsu a aikin fasto. Sai dai saɓanin koyarwa kaɗai bai isa ya bayyana yadda rabuwar ta kasance ba, domin a wani wuri an rabu da takarda da sa hannu, a wani wuri kuma da ƙone-ƙone. Bambancin yana cikin tsarin mulkin ɗariƙar: wa ke kafa doka, wa ke zartar da ita, kuma ginin majami'a na waye ranar da zama ya ƙi daɗi.

Yadda aka rarraba iko

Ɗariƙar ba ta da shugaba guda kamar Fafaroma. Ikon kafa doka yana hannun Babban Taro, wanda ke zama duk bayan shekara huɗu da wakilai tsakanin 600 da 1,000, rabinsu fastoci, rabinsu membobin da ba a naɗa ba. Babban Taro ne kaɗai ke magana da yawun ɗariƙar, shi ne kuma ke gyara Kundin Dokoki, littafin da ya ƙunshi tsarin mulki da koyarwa da ƙa'idojin gudanarwa. Bishop-bishop suna jagorantar zaman, amma ba su da ƙuri'a. Akwai kuma Majalisar Shari'a mai mutum tara, wadda ke duba ko wata doka ko wani hukunci ya dace da tsarin mulki. Duk wanda ya san tsarin gwamnatin Amurka zai ga kamannin, domin a ƙasar ɗariƙar ta girma.

A ƙasa da wannan akwai Taron Shekara. Sunan yana nufin taron da ake yi, yana kuma nufin yankin da taron ke kula da shi. Nan ake tantance masu neman aikin fasto, nan ake naɗa su, nan kuma ake yi musu shari'a idan an kawo ƙara. Ikilisiya ba ta ɗaukar fastonta da kanta. Bishop ne ke tura shi, shekara-shekara, kuma fasto ya yi alkawari tun ranar naɗinsa cewa zai tafi duk inda aka aike shi. A ƙarshen taro, idan aka zo karanta jerin wuraren aiki, ɗaki yakan yi tsit, domin a wannan jerin ne iyali ke sanin ko za su ci gaba da zama a gari mai asibiti da makaranta, ko za su ɗaure kaya zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Wannan iko na bishop shi ne ƙashin bayan tsarin, shi ne kuma tsohon mikinsa.

Sai batun dukiya. Kowane fili da gini na majami'a ana riƙe da shi ne bisa amana domin ɗariƙar gaba ɗaya. Asalin wannan sharaɗi tun zamanin John Wesley ne a Ingila, mutumin da ya assasa tafiyar Methodist, wanda ya tsara takardun mallakar ɗakunan wa'azi yadda masu kula da gini ba za su iya korar mai wa'azin da ya aiko ba, ko su kawo mai wata koyarwa dabam. Ma'anarsa a aikace ita ce mutane suna iya barin ɗariƙar, amma ginin da suka yi da guminsu yana nan a hannunta.

Tsagar da aka gada

Tun daga tushe Methodist suke gardama kan iko. An kafa cocin a Amurka a taron Kirsimeti na 1784 a Baltimore, inda Francis Asbury ya ƙi karɓar shugabanci bisa naɗin Wesley kaɗai, ya ce sai masu wa'azi sun zaɓe shi. Shekara takwas bayan haka, a 1792, James O'Kelly ya nemi a ba mai wa'azi damar ɗaukaka ƙara zuwa taro idan yana ganin bishop ya zalunce shi a wurin da ya tura shi. Aka kayar da ƙudurin, ya fita da magoya bayansa. A 1816 baƙaƙen fata ƙarƙashin Richard Allen suka kafa nasu cocin saboda wariyar da ake nuna musu. A 1830 masu neman a ba membobi kujera a taro, a kuma soke muƙamin bishop, suka kafa Cocin Methodist Protestant.

Babbar tsagar ita ce ta 1844, a kan bauta. Bishop James Andrew na Jojiya ya mallaki bayi, Babban Taro ya nemi ya dakatar da aiki muddin yana riƙe da su, wakilan kudu kuma suka ce taron ba shi da wannan hurumi a kan bishop. Aka tsara yarjejeniyar rabuwa, cocin kudu ya kafu a 1845, shari'ar rabon dukiya ta kai har kotun ƙolin Amurka. Sai a 1939 aka sake haɗewa, kuma da tsada. Domin kudu ta yarda, aka raba ƙasar shiyya biyar, aka ce kowace shiyya ta riƙa zaɓen nata bishop-bishop maimakon Babban Taro ya zaɓa wa kowa. Aka kuma ware shiyya ta shida ta baƙaƙen fata zalla, abin kunyar da ba a kawar ba sai a 1968. Shiyyoyi biyar ɗin suna nan har yau. Tsarin da aka ƙirƙira domin kada arewa ta ɗora wa kudu bishop, shi ne bayan shekara saba'in da bakwai ya ba shiyyar yamma damar zaɓen wadda Babban Taro ya haramta.

Doka a sama, zartarwa a ƙasa

A 1972 Babban Taro ya sa jimla a cikin ƙa'idojinsa na zamantakewa da ke cewa aikata luwaɗi da maɗigo ya saɓa wa koyarwar Kirista. A 1984 aka hana naɗa wanda ya bayyana kansa yana aikata hakan, a 1996 kuma aka hana fastoci ɗaura irin wannan aure. Kowane Babban Taro masu neman sauyi sukan kawo ƙuduri, kowane taro kuma a kayar da su. Da ƙuri'un Amurka kaɗai ake ƙirgawa, da alama da dokar ta daɗe da faɗuwa. Abin da ya tsare ta shi ne sauyin alƙaluma. Membobin Amurka sun yi ta raguwa har suka koma ƙasa da miliyan 7, na Afirka kuma, musamman a Kwango, suna ta ƙaruwa. Da yake yawan wakilai yana bin yawan membobi da fastoci, kujerun Afirka suka kai kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma mafi yawansu suna tare da masu riƙe da tsohuwar koyarwa na Amurka.

Amma rinjaye a zauren taro bai zama iko a fili ba. Mai hukunta fasto shi ne Taron Shekararsa, da alƙalai 13 daga cikin 'yan'uwansa fastoci. Mai duba ƙarar bishop shi ne shiyyar da ta zaɓe shi. Inda yanki bai yarda da dokar ba, ƙara takan mutu tun kafin ta isa gaban shari'a. A Yuli 2016 shiyyar yammacin Amurka ta zaɓi Karen Oliveto, wadda ke auren mace, a matsayin bishop. A 2017 Majalisar Shari'a ta ce keɓe ta ya saɓa wa doka, amma ta bar batun cire ta a hannun shiyyar da ta zaɓe ta, kuma ta ci gaba da aikinta. Daga nan kowane ɓangare ya samu hujjarsa. Masu riƙe da tsohuwar koyarwa suka ce sun ci zaɓe shekara da shekaru amma an mayar da dokar wasa, kuma bishop da ya rantse zai kiyaye Kundin Dokoki ba shi da ikon zaɓen sashen da zai bi. Masu neman sauyi suka ce lamiri yana gaba da dokar da suke gani zalunci ce, suka kuma tuna cewa cocin ya taɓa kare wariya da doka.

Akwai wani karkataccen wuri a tsarin da ya ƙara dagula lamarin. Rassan da ke wajen Amurka, waɗanda a lokacin ake kira Tarukan Tsakiya, suna da izinin daidaita wasu sassan Kundin Dokoki da yanayin ƙasashensu. A lokacin Amurka ba ta da irin wannan taro, domin tun farko an ɗauka Babban Taro nata ne, saura kuma filin mishan. Saboda haka wakilin Lubumbashi yana jefa ƙuri'a kan abin da za a yi a majami'ar Kaliforniya, har da fanshon fastocin Amurka, alhali shi yana da damar sassauta dokar a gidansa. A ɗaya gefen kuma, kusan duk kuɗin asusun ɗariƙar daga Amurka yake fitowa. Daga nan ake biyan albashin bishop-bishop na Afirka, ana tallafa wa asibitoci da makarantu irin su Jami'ar Afirka da ke Mutare a Zimbabuwe, wadda aka buɗe a 1992. Ƙuri'a tana wani hannu, aljihu yana wani. Zargin juna ya biyo baya: wasu na cewa ƙungiyoyin masu ra'ayin riƙau na Amurka suna juya wakilan Afirka, wasu na cewa hukumomin ɗariƙar suna tsorata su da yanke tallafi. Duka zarge-zargen biyu sun raina hankalin wakilan Afirka, waɗanda ke da nasu dalilan na tauhidi da na zaman ƙasashensu.

Taron St. Louis da ƙofar da aka buɗe wa wasu

Babban Taron 2016 a Portland ya kusa watsewa, sai aka roƙi bishop-bishop su nemo mafita. Suka kafa kwamiti mai mutum 32, aka kira Babban Taro na musamman a St. Louis daga 23 zuwa 26 ga Fabrairu, 2019. Mafi yawan bishop-bishop sun goyi bayan Shirin Coci Ɗaya, wanda zai bar kowane Taron Shekara ya yanke batun naɗi, kowane fasto da majami'a kuma su yanke batun aure. Wakilai suka ƙi shi. Suka amince da Shirin Gargajiya da ƙuri'a 438 a kan 384. Wannan shiri ya riƙe haramcin, ya kuma ƙara masa haƙora: faston da aka samu da laifin ɗaura auren jinsi za a dakatar da shi shekara guda ba albashi, idan ya sake a karɓe takardun naɗinsa.

Nasarar ba ta zaunar da kowa ba. Cikin 'yan watanni Tarukan Shekara da dama a Amurka suka bayyana cewa ba za su bi ba, suka kuma zaɓi wakilai masu adawa da shirin domin taro na gaba. An kashe maciji, ba a sare kansa ba.

Abin da ya fi tasiri daga St. Louis shi ne wani sashe da aka ƙara a Kundin Dokoki a sa'o'in ƙarshe, sakin layi na 2553. Ya ba majami'a damar fita da gininta saboda dalilin lamiri kan wannan batu, muddin kashi biyu bisa uku na membobin da suka halarci taron ikilisiya sun yarda, ta biya kasonta na gudummawar shekara biyu da kasonta na bashin fansho, Taron Shekara kuma ya amince. Wa'adin zai ƙare ranar 31 ga Disamba, 2023. An yi tsammanin masu neman sauyi ne za su bi ta wannan ƙofa, tunda su aka kayar. Sai ga shi waɗanda suka yi nasara ne suka fi fita, domin sun fahimci cewa dokar da suka kafa ba mai zartar musu da ita.

Kafin a kai ga haka an yi yunƙurin rabuwa cikin mutunci, kuma ɗan Afirka ne ya jagorance shi. Bishop John Yambasu na Saliyo ya tara shugabanni 16 daga ɓangarori masu gaba da juna, lauya Kenneth Feinberg ya shiga tsakani, a Janairu 2020 suka fitar da yarjejeniya. Ta tanadi dala miliyan 25 domin sabuwar ɗariƙar masu riƙe da tsohuwar koyarwa, ta kuma ba Tarukan Shekara da majami'u, a ciki da wajen Amurka, damar zaɓen inda za su tafi da dukiyarsu. Babban Taron Mayu 2020 ne zai amince da ita. Annobar korona ta hana zaman. A Agusta 2020 Yambasu ya rasu a haɗarin mota. Aka yi ta ɗage taron, har a Maris 2022 aka sanar da cewa sai 2024. Masu jiran yarjejeniyar suka ce haƙurinsu ya ƙare, ranar 1 ga Mayu, 2022 suka ƙaddamar da Cocin Global Methodist, wato GMC. Tsarin sabon cocin kansa amsa ce ga tsohon: babu sharaɗin amana a kan ginin majami'a, bishop kuma yana da wa'adi, ba kamar a UMC ta Amurka ba inda muƙamin na tsawon rai ne.

Zuwa ƙarshen 2023 kusan kashi ɗaya bisa huɗu na majami'un Amurka sun fita, mafi yawansu a jihohin kudu. Ba ko'ina aka yi adalci ba. Wasu Tarukan Shekara sun tsaya kan sharuɗɗan da doka ta faɗa, wasu suka ƙara cewa sai an biya rabin darajar ginin, aka kuma je kotu a wurare da dama. Duk da haka hanya ce sananniya, mai ƙa'ida da wa'adi. Majami'un Afirka ba su samu ko wannan ba. Hukumomin ɗariƙar sun fassara cewa sakin layin bai fara aiki a wajen Amurka ba, kuma kafin taron da zai iya gyara hakan ya zauna, wa'adin ya wuce. Hanyar da ta rage ita ce ta sakin layi na 572, wadda ke ba Taron Shekara damar zama coci mai cin gashin kansa, amma sai an bi ta Taron Tsakiya da Babban Taro, abin da ke ɗaukar shekaru, kuma ba ta shafi majami'a guda ba. Wakilan Afirka sun taimaka da ƙuri'unsu aka buɗe ƙofar da aka hana su bi.

Charlotte da tsarin yankuna

Babban Taron da aka daɗe ana jira ya zauna a Charlotte daga 23 ga Afrilu zuwa 3 ga Mayu, 2024. An ware kujeru 862, kusan kashi 56 cikin 100 na Amurka, kashi 32 na Afirka. Wakilan Afirka da dama ba su iso ba saboda matsalar biza da jinkirin takardun gayyata, abin da ya bar tabo a kan sahihancin taron a idon mutane da yawa a nahiyar. Masu riƙe da tsohuwar koyarwa na Amurka kuwa sun riga sun tafi. Ranar 1 ga Mayu aka cire haramcin naɗi da ƙuri'a 692 a kan 51, cikin jerin ƙudurorin da ake amincewa da su a dunƙule ba tare da muhawara ba. Washegari aka cire jimlar 1972 da ƙuri'a 523 a kan 161, aka kuma bayyana aure a matsayin alkawari tsakanin namiji da mace baligai, ko tsakanin mutum biyu baligai. Aka share sakin layi na 2553, aka ƙi buƙatar buɗe irinsa ga Afirka. Kasafin shekara huɗu ya sauko daga dala miliyan 604 zuwa kimanin miliyan 373.

Gyaran da ya fi shafar tsarin mulki shi ne na yankuna, wanda aka amince da shi da ƙuri'a 586 a kan 164. An taɓa gwada irinsa a 2008, Tarukan Shekara suka ƙi tabbatar da shi. Wannan karon ya samu ƙarfi ne daga wata takarda da wakilan Afirka da Filifin da Turai suka fitar a Disamba 2019 da sunan Alkawarin Kirsimeti. Manufarsa ita ce Amurka ta zama yanki ɗaya kamar sauran, kowane yanki ya samu ikon tsara sharuɗɗan naɗi da na ɗaurin aure da kotunansa da littafin sujadarsa, bisa dokokin ƙasashensa, yayin da tsarin mulki da tushen koyarwa za su ci gaba da zama na kowa. Da yake gyaran tsarin mulki ne, sai da ya samu kashi biyu bisa uku na jimillar ƙuri'un Tarukan Shekara na duniya, kuma a Nuwamba 2025 Majalisar Bishop-bishop ta sanar da cewa ya samu.

Masu goyon baya sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan ne karon farko da aka daina ɗaukar Amurka uwa, saura 'ya'ya. Hujja ce mai ƙarfi, domin karkatar da aka gyara ta gaske ce. Masu adawa sun ce ana iya raba gudanarwa yanki-yanki, amma ba a raba zunubi da halal bisa taswira, kuma cocin da ke da suna ɗaya da Majalisar Bishop-bishop ɗaya ba zai ce abin da ake yi a wani reshensa bai shafe shi ba. Sun kuma lura cewa an kawo tsarin ne daidai lokacin da Afirka ke gab da samun rinjaye a Babban Taro. Wannan ma ba maganar banza ba ce. Gyaran ya raba ikon kafa doka, amma bai taɓa batun kuɗi ba, kuma yankin da wani ke biyan albashin bishop ɗinsa cin gashin kansa ragagge ne. A ƙarshen Mayu 2024 Taron Shekara na Kwaddebuwa, ƙarƙashin Bishop Benjamin Boni, ya kaɗa ƙuri'ar ficewa. Shi da ma coci ne mai zaman kansa kafin ya shigo ɗariƙar a farkon wannan ƙarni, don haka yana da gidan da zai koma.

Abin da ya faru a Taraba

Cocin UMC na Nijeriya dabam yake da Cocin Methodist na Nijeriya, wanda ya samo asali daga 'yan mishan na Ingila da suka sauka Badagry a 1842. Tushensa yana ƙasar Muri. C. W. Guinter ya zo a 1906 ƙarƙashin mishan ɗin SUM, a 1923 aka buɗe tasha a Bambur, daga nan aikin ya bazu cikin Wurkun da Mumuye da Jenjo da maƙwabtansu. Da Hausa aka yi wa'azi da waƙa da koyarwa tsakanin waɗannan ƙabilu, kuma an daɗe ana kiran cocin EKAN Muri, ɗaya daga cikin ikilisiyoyin TEKAN. Ya zama cikakken Taron Shekara na UMC a 1992, da Done Peter Dabale a matsayin bishop ɗan ƙasa na farko. Hedkwatarsa tana Jalingo.

Bangon ya riga ya tsage tun kafin Charlotte. Dabale ya rasu a 2006, magajinsa Kefas Mavula ya rasu a farkon 2008 bai cika shekara a kujera ba, aka yi riƙon ƙwarya. Zaɓen John Wesley Yohanna a 2012 ya jawo ƙorafi, wani ɓangare mai yawa ya ƙi amincewa da shi, batun ƙabila da na rabon muƙamai suka cakuɗe da na doka. Bishop ɗin Nijeriya ba a Nijeriya kaɗai ake zaɓensa ba. A lokacin Taron Tsakiya na Afirka ta Yamma ne ke zaɓe, tare da wakilan Laberiya da Saliyo, don haka wanda ya ji an cuce shi yana kai kukansa ne wurin da ba ya iya gani.

A kan wannan tsohon rauni hukuncin Charlotte ya faɗo. A Nijeriya dokar da aka sa wa hannu a Janairu 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Ga mai bi da ke zaune da maƙwabta Musulmi da Kiristocin wasu ɗariƙu, a ce masa ɗan cocin 'yan luwaɗi a kasuwa ko a tasha ba ƙaramin abu ba ne, ko da babu abin da ya sauya a majami'arsa. A ƙarshen Yuli 2024 Bishop Yohanna ya ajiye muƙaminsa ya koma GMC, yana cewa Tarukan Shekara huɗu na ƙasar sun yanke shawarar ficewa. Majalisar Bishop-bishop ta ce ba a bi Kundin Dokoki ba, ta naɗa masu riƙon ƙwarya. Ɗaya daga cikinsu, Bishop Eben Nhiwatiwa na Zimbabuwe, jami'an shige da fice sun tsare shi a Yola a watan Agusta. A Disamba 2024 Taron Tsakiya da ya zauna a Gana ya zaɓi Ande Emmanuel sabon bishop, waɗanda suka tsaya a UMC kuma suka jaddada cewa a wurinsu aure tsakanin namiji da mace ne.

Wannan shi ne abin baƙin ciki a lamarin Taraba: ɓangarorin biyu ba su saɓa kan aure ba. Koyarwarsu ɗaya ce, littafin waƙoƙinsu ɗaya. Abin da suke jayayya a kai shi ne ko za a iya zama ƙarƙashin suna ɗaya da Amurka, da kuma wa zai riƙe mabuɗin majami'a da makaranta da asibiti. Majami'ar ƙauye a wannan yanki ba daga asusun waje aka gina ta ba. Zumuntar mata ce ta ɗebo yashi da ruwa, matasa suka buga bulo, aka sayi kwano da baikon kaka, buhun masara da na shinkafa. Iyayen mutane suna kwance a bayanta. Ranar da ikilisiya ta rabu, kowane ɓangare yana da wanda ya ɗauki yashin nan a kansa. Ɗaya ya ce mu ne masu rinjaye, ɗaya ya ce Kundin Dokoki ya ba ɗariƙa amanar ginin, kuma babu wata ƙa'ida da suka yarda da ita tare wadda za ta ce ga yadda za a ƙirga, ga abin da mai fita zai biya, ga abin da za a bar wa marasa rinjaye.

A tsakiyar Disamba 2024 rikici a Munga Dosa, cikin Ƙaramar Hukumar Karim Lamido, ya ci ran mutum uku, biyu daga cikinsu yara ƙanana, aka kuma ƙone gidaje. A Fabrairu 2025 aka yi arangama a makarantar tauhidi ta Banyam da ke Bambur, garin da aikin ya fara shekara ɗari da biyu kafin nan. Kowane ɓangare yana ɗora wa ɗayan laifi. Batun sunan da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni da na mallakar kadarori ya koma gaban kotun gwamnati. A Laberiya ma an shiga irin wannan ja-in-ja kan gine-gine.

Alhakin jinin da aka zubar yana wuyan waɗanda suka zubar da shi da waɗanda suka zuga su. Amma Babban Taro yana da nasa kaso. A 1844 ya tsara wa kudancin Amurka yadda za ta fita, a 2019 ya tsara wa majami'un Amurka, a 2024 ya amince Tarukan Shekara huɗu na yankin Rasha da maƙwabtanta su tafi cikin lumana. A wannan zama ɗaya aka roƙe shi ya tsara wa majami'un Afirka irin wannan hanya, ya ƙi.